Bakwaini: Abin da Iyali Za Su Yi Tun Daga Ranar da Ciki Ya Fara Ba da Matsala

Ana ƙirga kwanakin ciki ne daga ranar farko ta hailar ƙarshe, kuma cikakken ciki yana kaiwa sati 37 zuwa 40. Duk jaririn da ya fito kafin sati 37 bakwaini ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13.4 a shekarar 2020, kuma Najeriya na cikin ƙasashe biyar da suka fi yawansu. Mafi yawansu tsakanin sati 32 da 37 suke zuwa, kuma irin waɗannan ba manyan na'urori ne ke raya su ba: isa asibiti da wuri ne, da ɗumi, da nonon uwa, da tsafta. Waɗanda suka zo ƙasa da sati 32, balle ƙasa da 28, su ne ke buƙatar ɗakin jarirai na babban asibiti, amma su ma rabin aikin yana hannun iyali.

Mataki na farko: ku gane abin da ke faruwa

Hawan jinin masu ciki yana bayyana ne bayan sati 20. A wajen awo ana gane shi idan jini ya kai 140/90 kuma aka ga sinadarin furotin a fitsari. Idan ya kai 160/110 ya yi tsanani. A gida kuwa alamunsa su ne ciwon kai mai nacin da ba ya jin farasitamol, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a saman ciki ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da kumburin fuska da hannu wanda ya zo farat ɗaya. Kumburin ƙafa kaɗai ba abin tsoro ba ne, yawancin masu ciki suna yi. Idan aka bar ciwon ya ci gaba, jijjiga ce ke biyo baya, sannan jinin da ke isa ga jariri yana raguwa har ya daina girma.

Idan jijjiga ta kama ta a gida, ku kwantar da ita a gefen hagu, ku janye duk abin da za ta buge. Kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, kada a yi mata hayaƙi, domin abin da aka ɗura wa wadda ba ta cikin hayyacinta huhu yake tafiya. Ku nufi asibiti, ana iya yin addu'a a cikin mota.

Zubar jini iri biyu ce. Jini ja wur ba tare da ciwo ba yakan nuna mabiyiya ta zauna a bakin mahaifa. Ciki mai tauri da azabar ciwo, ko da jinin da ya fito kaɗan ne, yakan nuna mabiyiya ta ɓalle kuma jinin yana taruwa a ciki. A duka biyun kada ungozomar gida ta sa hannu don ta duba. Yatsa ɗaya na iya ɓalle jinin da ba za a iya tsayarwa ba.

Fashewar faya kafin lokaci ita ce aka fi yi wa sakaci, saboda sau da yawa babu ciwo, sai ruwa na ɗiga ana zaton fitsari ne. Da zarar faya ta fashe, ƙofa ta buɗe wa ƙwayoyin cuta. Ki sa ƙyalle mai tsabta, ki lura da launi da warin ruwan, kada ki yi matsi ko tsarki da wani jiƙo, kada a kusance ki, ki tafi asibiti a ranar. Zazzaɓi ko ruwa mai wari na nufin cuta ta riga ta shiga.

Sai naƙudar da ta zo da wuri: ciki na murɗawa yana saki a kai a kai, ciwon baya da na mara, majina mai haɗe da jini. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ƙarancin jini, ciwon suga da cikin tagwaye duk suna iya tayar da ita. Raguwar motsin jariri ma dalili ne na zuwa asibiti a ranar, ba gobe ba.

Mataki na biyu: ku kai jaririn asibiti yana cikin uwarsa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne tasiri, kuma na maigida ne. Jaririn da aka haifa a gida ko a hanya, aka naɗe shi aka ɗauko a babur ko Keke, yakan iso jikinsa ya yi sanyi ƙalau, sugan jininsa ya faɗi. Wanda ya iso a cikin mahaifa kuwa da ɗuminsa da abincinsa yake zuwa.

Ku nufi asibitin da ke da abu uku: tiyata dare da rana, ƙarin jini, da ɗakin jarirai. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri suna da su, haka manyan asibitocin jihohi da dama. A Nijar akwai asibitin haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai da cibiyoyin uwa da yaro na jihohi. Idan ƙaramin asibiti ya fi kusa, ku fara da shi don a ba ta taimakon farko, ku karɓi takardar turawa. Ku tafi da katin awo da hoton ciki na farko, domin da shi likita zai san ainihin satin cikin, kuma magungunan da za a bayar sun dogara ne ga wannan lissafi. Ku tafi da mutum biyu ko uku masu lafiya da za su iya ba da jini.

Maigida, idan kai matafiyi ne, ka bar izinin fita da kuɗin mota tun ciki na wata biyar, ka faɗa a gaban mahaifiyarka da maƙwabcin da ke da abin hawa. Mata da yawa suna kwana da jini ko ciwon kai suna jiran wayar miji ta shiga.

Abin da za a yi mata kafin haihuwa

Idan cikin yana tsakanin sati 24 da 34 kuma ana ganin haihuwa na kusa, za a yi mata allurar dexamethasone, miligiram 6 duk awa 12, sau huɗu. Aikinta ƙosar da huhun jariri. Wani babban gwaji da aka yi a asibitocin ƙasashe biyar har da Najeriya, aka fitar da sakamakonsa a 2020, ya nuna tana rage mutuwar bakwaini. Tana buƙatar kamar kwana biyu ta yi cikakken aiki, shi ya sa wani lokaci ake ba da ƙwayar nifedipine don a lafa naƙuda na awa 48. Kada ku ga ciwo ya lafa ku ce a sallame ku. Lokaci ake saya wa huhun yaro.

Mai hawan jini mai tsanani ko jijjiga ana yi mata allurar magnesium sulphate, ana ci gaba da ita har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe. Za ta ji zafi ya game mata jiki, wannan ba komai. Ma'aikata za su riƙa duba numfashinta da yawan fitsarinta, don haka kada mai jinya ta zubar da fitsarin da ke cikin jaka ba tare da an auna ba. Ana kuma yin wannan allura ga cikin da bai kai sati 32 ba don kare ƙwaƙwalwar jariri. Wadda fayarta ta fashe ana ba ta erythromycin na kwana 10 ko har haihuwa.

Wani lokaci likita zai ce a raba ta da cikin yau, ta allurar naƙuda ko ta tiyata, alhali wata bakwai ne. Nan iyali ke tsayawa shawara, a kira kawu, a kira yaya, awanni na tafiya. Ku sani cewa hawan jinin masu ciki daga mabiyiya yake tasowa, kuma ba ya warkewa sai ta fita. Idan ya fara taɓa ƙoda, hanta ko ƙwaƙwalwa, barin cikin ba ya ƙara wa jaririn komai, uwar kuma yana iya ɗauke ta. Ku yi wa likita tambaya uku: satin cikin nawa ne, an yi allurar huhu, akwai gado a ɗakin jarirai? Sannan a sa hannu.

Bayan ya fito

Za a tsane shi nan take da tawul mai ɗumi, a sa masa hula, a jinkirta yanke cibiya na aƙalla minti ɗaya idan yana numfashi, a yi masa allurar bitamin K. Ba a yi wa bakwaini wanka a ranar farko, ƙanana sosai kuwa sai an ɗau kwanaki ana goge su kawai. Farin maiƙon da ke jikinsa kariya ne, ba dauɗa ba.

Idan an kai shi ɗakin jarirai za ku ga abubuwan da ke tsorata iyaye. Kwalba, wato akwatin da ake kwantar da jariri a ciki, ɗumi kawai take bayarwa. Robar da ke hancinsa mai haɗe da gorar ruwa tana ɓulɓula tana tura iska ne don kada huhunsa ya manne. Siririn tiyon da ya bi ta hanci ko baki zuwa ciki na ba da nono ne. Shuɗin fitila na maganin ciwon shawara ne, shi ya sa ake rufe masa ido. Bakwaini yakan manta da numfashi na ɗan lokaci, ana ba shi maganin kafeyin don haka. Kada kowa ya taɓa makunnin oksijin da nufin ƙara masa: oksijin da ya wuce kima yana lalata idon bakwaini. Kowa ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kafin ya taɓa shi, a cire zobe da awarwaro, a ajiye waya.

Ɗumi: goyon ƙirji

Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe zafi. Jikinsa ya kamata ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5 a ma'aunin zafi da aka sa a hammata. Idan ya yi sanyi, abincin da ya kamata ya gina jikinsa wajen neman ɗumi yake ƙarewa, ya kasa tsotso, numfashi ya rikice.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a goya shi a ƙirji, fata da fata. Likitoci a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya ne suka fara ta a 1978 saboda ƙarancin kwalabe. Gwajin da aka yi a Najeriya, Ghana, Malawi, Tanzaniya da Indiya a kan jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna fara goyon nan da nan bayan haihuwa ya rage mutuwa da kashi 25 cikin 100 idan aka kwatanta da jira sai jariri ya murmure. Daga 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi da wuri, a riƙa yi awa 8 zuwa 24 a rana.

Ga yadda ake yi. A bar masa nafkin, hula da safa kawai. Ki cire rigar nono, ki ɗora shi a tsaye tsakanin nonuwanki, ƙirjinsa a kan naki. Ki juya kansa gefe ɗaya, haɓarsa ta ɗan ɗaga don hanyar iska ta buɗe. Ƙafafu da hannuwa a lanƙwashe, a buɗe kamar na kwaɗo. A ɗaure da zane mai ƙarfi, bakin zanen na sama ya tsaya daidai ƙasan kunnensa don ya tallafi kai, a ɗaure da kyau ta wajen ƙirjinsa amma kada a matse cikinsa, domin da ciki yake numfashi. Sai ki sa riga mai buɗaɗɗen gaba ko mayafi a kai. Barci a kishingiɗe ake yi, da filo biyu ko uku a baya. Kurakuran da aka fi yi: sa masa riga a tsakani, wanda ke hana ɗumin uwa isa gare shi, barin kansa ya faɗo gaba haɓa ta taɓa ƙirji, da sauke shi kowane ɗan lokaci. Kowane zama kada ya gaza awa ɗaya.

Uwar da aka yi wa tiyata ko take jinyar hawan jini ba za ta iya ita kaɗai ba. Kaka, inna, yaya, har uban da kansa duk suna iya karɓa, muddin ba su da mura, tari ko ƙuraje. Babu abin kunya ga uba ya zauna a ɗakinsa da ɗansa a ƙirji. Ana ci gaba har ya kai kamar kilo 2.5, ko ya fara zillewa yana ƙin zama.

Naɗe shi a auduga da bargo ba ya maye gurbin wannan, domin bargo zafin da ke akwai yake riƙewa, shi kuma bakwaini ba ya samar da isasshe. Gorar ruwan zafi tana ƙona fatarsa. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, musamman da hunturu, yana fitar da iskar da ba a gani ba a jin warinta, tana kashe jariri da uwarsa cikin barci.

Nono: nawa, yaushe, ta yaya

Kafin sati 32 zuwa 34 jariri bai iya haɗa tsotso, haɗiya da numfashi ba, don haka ana fara shi da tiyo, sannan ƙaramin kofi, sannan mama. A duk matakan nonon uwarsa ne abincin. Madarar gwangwani tana ƙara haɗarin wani mugun ciwon hanji da ke kama bakwaini, kada a ba shi sai likita ya rubuta. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da rawaya, shi ne rigakafinsa na farko. Kada a zubar ko da ɗigo biyar ne, a zuƙe shi da sirinji a kai masa.

Ki fara tatsa cikin awanni shida na farko, ko kina kan gadon tiyata, sannan aƙalla sau 8 a awa 24, har da dare. Wanke hannu, ki sa babban yatsa a sama da manuni a ƙasa a gefen baƙin da ke kewaye da kan nono, ki danna baya wajen ƙirji, ki matse ki saki, kina zagayawa. Kada ki ja kan nonon. Minti uku zuwa biyar a kowane ɓangare, kina sauyawa, har minti 20 zuwa 30. Kwana biyu na farko kaɗan ne zai fito, a rana ta uku ko ta huɗu yake kawowa. Yawan tatsa ne ke kawo ruwan nono, kuma tatsa a gefen jaririn ko bayan goyon ƙirji ta fi bayarwa. A tara a kofi mai murfi da aka wanke aka tafasa. Yana iya kai awa huɗu a ɗaki, lokacin zafin bazara kuwa a ba shi da wuri. A ɗumama shi ta hanyar sa kofin a cikin ruwan ɗumi, ba a kan wuta ba.

Ana farawa da kamar mililita 60 ga kowane kilo na nauyinsa a rana ta farko, ana ƙara kamar 20 ga kowane kilo kullum har a kai 150 zuwa 180. Misali, jariri mai kilo 1.5 da ya kai matakin 150 yana buƙatar mililita 225 a rana: kusan 19 duk awa biyu, ko 28 duk awa uku. Nas za ta rubuta muku adadin, ku auna da sirinji, ba da ido ba. Bakwaini ba ya kukan yunwa, barci yake yi har sugansa ya faɗi, don haka ku sa ƙararrawar waya ku tashe shi.

Wajen ba shi da kofi, a zaunar da shi a ɗan tsaye, a ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, a karkata har nonon ya taɓa leɓe, a bar shi ya lasa da kansa. Kada a zuba masa. Ruwa, zuma, jiƙo, rubutu da ruwan gulukos duk babu su. Idan cikinsa ya kumbura ya yi ƙyalli, ya yi amai kore, ko aka ga jini a kashinsa, a dakatar da abinci a kira ma'aikaci nan take.

Zai rage nauyi a satin farko, kamar kashi 10 cikin 100, ya dawo da shi wajen sati biyu. Daga nan ana so ya riƙa ƙara kamar giram 15 ga kowane kilo a rana. Fitsari sau shida ko fiye a rana alama ce yana samun isasshe.

Komawa gida, barka da suna

Ana sallama idan yana shan nono da kyau ta mama ko kofi, nauyinsa na ƙaruwa kwana uku a jere, jikinsa na riƙe ɗumi a goyon ƙirji, kuma ba ya ɗauke numfashi. Idan kuɗi sun ƙare, ku yi magana da likita da ofishin jin daɗin marasa lafiya kafin ku yanke shawarar tafiya. Sau da yawa ana iya mayar da ku ɓangaren goyon ƙirji, wanda ya fi sauƙin kuɗi. Ku sayi ma'aunin zafi kafin ku bar asibiti.

'Yan barka su gaida mai jego daga ƙofa. Murar da babba ke yawo da ita tana iya zame wa bakwaini ciwon huhu. Wannan magana ta fi sauƙi daga bakin uwar miji ko maigida, kada a bar wa mai jego ita. Raɗa suna da yanka rago ba sa buƙatar a fito da jariri ana miƙa shi hannu zuwa hannu. Taron mata a ɗaga shi har ya yi ƙwari. Cire beli a bar shi gaba ɗaya, yana jawo zubar jini da cuta, ya kuma hana tsotso. Kaciya ta jira. Cibiya a shafa mata maganin chlorhexidine da asibiti ke bayarwa, ban da gashi da tsumma mai zafi, man goge baki ko toka. A cire kafur daga kayansa, domin yana fasa jinin wasu jarirai ya jawo shawara mai tsanani. Babu turaren wuta ko maganin sauro mai hayaƙi a ɗakin, gidan sauro ya isa. Idan ba a ƙirji yake ba, a kwantar da shi a rigingine.

Ku koma asibiti ko tsakar dare ne idan ya ƙi sha sau biyu a jere, ya yi laushi ba ya motsi, numfashinsa ya wuce 60 a minti ɗaya, ƙirjinsa na lotsawa ko yana gurnani, ya ɗauke numfashi na daƙiƙa 20 ko leɓensa ya yi shuɗi, zafinsa ya wuce 37.5, ko ya kasa kai 36.5 bayan awa ɗaya a ƙirji, ya yi jijjiga, ko cibiya ta yi ja tana ruwa. Idan ya ɗauke numfashi, ku shafa bayansa ko tafin ƙafarsa, kuma a ƙirji za a ɗauke shi zuwa asibiti. Shawara a hasken rana ake dubawa: a danna fatar goshi ko ƙirji a saki. A jikin bakwaini duk rawayar da aka gani ta isa a je a auna, idan ta kai tafin hannu ko ƙafa kuwa gaggawa ce, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa da ji. Shanya shi a hantsi ba ya maganinta.

Ana zuwa awon nauyi aƙalla sau ɗaya a sati har ya kai kilo 2.5. Wanda aka haifa ƙarami sosai ko ya daɗe a kan oksijin, likitan ido ya duba shi kafin ya cika kwana 30, domin ciwon idon bakwaini ba a ganinsa daga waje kuma yana makantarwa cikin makonni. A nemi gwajin ji ma. Rigakafi daga ranar haihuwa ake lissafa shi, sati 6, 10 da 14, ba a rage masa adadi. Maganin ƙarin jini na ɗigo da bitamin da aka rubuta a ci gaba da ba shi. Girma kuwa da wani lissafin ake duba shi har shekara biyu: a cire makonnin da ya yi saurin zuwa. Yaron da ya zo a sati 32, idan ya cika wata shida, abin da ɗan wata huɗu ke yi ake nema a wajensa.

Uwar ma majinyaciya ce

Hawan jini yakan ƙara tashi tsakanin kwana uku da shida bayan haihuwa, kuma jijjiga na iya zuwa a cikin jego. Ta ci gaba da shan maganinta, a riƙa auna jininta, ciwon kai ko dishi-dishi ya mayar da ita asibiti. Kunun kanwa, wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta ba na mai hawan jini ba ne. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta su da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, mai zuwa da kumburi, tari da haki idan an kwanta. A yi mata kunun gyaɗa ko na tsamiya, ta yi wanka da ruwan ɗumi. Kada a ɗora mata laifin haihuwar. Idan ta wuce sati biyu tana kuka, ba ta barci ko da jaririn na barci, ko ba ta son ɗaukarsa, a gaya wa likita, akwai taimako.

Wadda ta haifi bakwaini sau ɗaya tana cikin haɗarin sakewa. A ba da tazarar aƙalla shekara biyu kafin wani cikin, a fara awo tun wata na uku, a yi hoton ciki kafin sati 24, a gaya wa ma'aikata abin da ya faru a baya. Wadda ta yi hawan jinin masu ciki likita zai iya sa ta kan ƙaramin asfirin, miligiram 75 a rana daga wajen sati 12, tare da ƙwayar kalsiyam. Fansidar na kariya daga zazzaɓin cizon sauro ana fara shi daga sati 13, wata-wata, aƙalla sau uku, kuma haihuwa ta gaba a shirya ta tun farko a asibitin da ke da ɗakin jarirai.